Hotunan wuraren aman wuta daga sama: fasaha ce ko aikin na'ura?

Ummi_MaiZane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wasu hotuna da nake ta cin karo da su, waɗanda ake ɗauka daga sama a Aislan da Habasha da Amurka, na wuraren da ƙasa ke tafasa. Za ka ga ruwa shuɗi a tsakiya, gefensa rawaya da ruwan goro, ko baƙin yashi da farin ruwa ya tsattsaga reshe-reshe. Babu sararin sama a ciki, babu mutum, babu bishiya. Ana buga su manya-manya a rataye a gidajen baje koli, a sayar da tsada.

Tambayata biyu ce. Ta farko, launukan nan na gaske ne ko kwamfuta ce? Ta biyu ita ta fi tsaya min a rai. Ni mai zane ce, da hannuna nake haɗa launi. Wanda ya tura jirgi mara matuƙi sama, ya kifa kyamara ƙasa ya danna, me ya yi da za a kira shi mai fasaha? Allah ne ya halicci wurin, injiniya ya ƙera jirgin. Wallahi ba raini ba ne, fahimta nake nema.

Malam_Lawal_Duwatsu:
Wa alaikumus salam Malama Ummi. Bari in ɗauki ta farko, don ita ce fannina. Launukan na gaske ne, kuma kowanne da dalilinsa.

Wanda kika ce shuɗi a tsakiya da ruwan goro a gefe, kusan na tabbata maɓuɓɓugar Grand Prismatic ce da ke gandun Yellowstone a Amurka. Faɗinta ya kai mita 110, zurfinta wajen mita 50. Tsakiyar ta yi zafin da kusan ba abin da ke rayuwa a ciki, ruwan garau yake, ga zurfi, shi ya sa yake fitowa shuɗi. Yayin da ruwan ke malala zuwa gefe yana hucewa, daga wajen digiri 70 zuwa ƙasa sai wasu ƙwayoyin halitta masu son zafi su samu wurin zama, su shimfiɗu a kan dutse. Kowane iri da zafin da yake iya jurewa, kuma kowanne da launinsa. Saboda haka zoben rawaya, da na ruwan goro, da na ja-ja-baƙi a can waje, duk matakan zafi ne kike gani da ido. Har da lokaci yana canza su: da bazara sun fi ja, da hunturu su koma kore mai duhu.

Na Habasha kuwa, wato Dallol a ƙasar Afar, labarinsa daban. Can gishiri ne da farar wuta da ƙarfe. Ruwan yana fitowa fari ko kore, da ƙarfen ya sha iska sai ya yi tsatsa ya koma rawaya, sannan ja. Wasu kududdufan asid ɗinsu ya yi ƙarfin da masu bincike a 2019 suka duba ba su samu wani abu mai rai a ciki ba.

Aminu_Gyaɗi:
Malam, na yarda akwai launi, amma ba kamar yadda suke nunawa ba. Ana ƙara masa gishiri sosai. Ni ma ina gyaran hoto a waya, na san yadda ake ja abin nan launi ya yi ihu.

Bashir_Kyamara:
@Aminu_Gyaɗi ba ka yi ƙarya ba, akwai masu yin haka, kuma ana gane su: shuɗin yakan koma na leda, inuwa ta zama shuɗiya ita ma. Amma ga hanya mai sauƙi. Buɗe Google Earth ka rubuta Grand Prismatic Spring. Hoton taswira ne daga sama, ba wanda ya zauna ya ƙawata shi don sayarwa, kuma za ka ga zobban launin suna nan.

Yanzu Yaya Ummi, tambayarki ta biyu. Ni ina tashi da ɗan jirgin nan kusan kullum, biki da gonaki da gine-gine nake ɗauka. Abin da zan gaya miki shi ne dannawar ita ce mafi ƙanƙantar aikin. A irin wuraren nan abokin gabarka na farko tururi ne. In ka je da sassafe cikin sanyi, farin hayaƙi kawai za ka ɗauko, ruwan ya ɓuya gaba ɗaya. Sai rana ta ɗaga, iska ta yi ɗumi, tururin ya ragu. Amma kuma rana tsaka tana kashe inuwa, ƙasa ta yi shafal ba tudu ba kwari. To wanne kake so, launi ko siffar ƙasa? Dole ka zaɓa. Ga ƙyallin rana a kan ruwa, sai ka sa gilashin da ke kashe ƙyalli ka juya shi daidai, in ba haka ba fari kawai za ka gani. Masu ɗauka daga ƙaramin jirgin sama ko helikwafta kuma sau da yawa a buɗe taga take ko an cire ƙofa, an ɗaure mutum da bel, jirgi na karkarwa, iska na dukan hannu, dole ƙiftawar kyamara ta kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ta fi haka sauri, kuma ana biyan kuɗin jirgin ne da awa. Abin da ya wuce ka ya wuce.

Ummi_MaiZane:
Na gode Malam Lawal, wannan bayani ya shige ni. Ashe abin da nake kallo ma'aunin zafi ne. Amma Bashir, duk abin da ka lissafa wahala ce da ƙwarewa. Mai haƙar rijiya ma yana shan wahala kuma ya ƙware. Ina ƙirƙirar take?

Bashir_Kyamara:
Tana wajen yanka. Wurin yana da faɗin kilomita da yawa, kai kuma murabba'i ɗaya za ka fitar. Ina za ka fara, ina za ka tsaya? Ki lura da abin da kika faɗa da bakinki a farko: babu sama, babu mutum, babu bishiya. Ba haka wurin yake ba. Grand Prismatic akwai gadar katako a gefenta cike da 'yan yawon buɗe ido, akwai wurin ajiye motoci. Mai hoton ne ya yanke shawarar fitar da su. Da zarar an cire layin da sama ta haɗu da ƙasa, idonki ya rasa abin da zai auna girma da shi. Ba ki sani ba ko tafin hannu kike kallo ko gari guda. Daga nan sai ki daina tambayar "ina ne nan", ki koma kallon layi da launi, wato abin da kike kallo a zanenki. Wani kuma da gangan zai bar mutum ɗaya ɗan ƙuri a kusurwa, don gabanki ya faɗi ki gane girman abin. Mutum biyu, wuri ɗaya, rana ɗaya, magana biyu daban.

Hajiya_Binta_Zariya:
Ni dai ban san fasaha ko ba fasaha ba. Ɗana ya nuna min na kogunan Aislan ɗin nan, na rantse na ɗauka zane ne da aka ɗaɗɗaure aka tsoma a marina. Abin da ya burge ni, babu mai rai a ciki, zan iya rataye shi a falo hankalina kwance.

Ustaz_Kabir:
Hajiya kin taɓo abu mai kyau. Kuma duk wanda ya ga duwatsun Landmannalaugar na Aislan, masu ratsin ja da rawaya da kore, ya koma ya karanta aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda aka ambaci hanyoyi a jikin duwatsu farare da jajaye masu launi daban-daban da baƙaƙe ƙirin. Kakanninmu sun karanta ayar ba su ga wurin ba. Ni a wurina wanda ya kawo min wannan har cikin ɗakina ya yi aiki, kowane suna aka ba shi.

Nura_Manchester:
Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na je Aislan a 2021 lokacin da dutsen Fagradalsfjall ke aman wuta. Ya fara ne ranar 19 ga Maris na shekarar, bayan yankin Reykjanes ya yi kusan shekara 800 shiru, kuma ya ɗauki wajen wata shida. Daga inda ake ajiye mota tafiya ce mai tsawo a ƙafa, hawa da gangara, iska na neman ture mutum.

Da na isa bakin narkakken dutsen, abin da ya fara kama ni zafi ne a fuska, alhali bayana sanyi ke ci. Samansa baƙi ne ya daskare, sai ka ga ɓawon ya kumbura a hankali, ya tsage, ja ya leƙo ta tsagar, ya zubo ya yi tsawon hannu, nan take ya fara dushewa. Yana tafe yana wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas. Gansakukar da ke gabansa tana kamawa da wuta tun kafin ya taɓa ta. Idona na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ma'aikatan ceto suna yawo da na'urar auna iska, in ta juya su ce kowa ya matsa.

Kusa da ni akwai wani da ɗan jirginsa. Da ya dawo da shi na ga robar cikinsa ta lanƙwashe, ta yi laushi. Ya nuna min allon, sai na ga abin da ni da nake tsaye a wurin ban gani ba: ashe kogi ne, da rassa, da tsibirai baƙaƙe a tsakiya, da wurin da ya nutse ƙarƙashin ɓawo ya sake ɓullowa can gaba. Ni wuta kawai na gani. Shi ya ga tsarinta. Malama Ummi, ban ce wannan ya amsa tambayarki ba, amma tun ranar na daina ganin abin a matsayin danna maɓalli.

Sani_Funtuwa:
Nura, kai ma dai. Me ya kai ka bakin wuta? Allah ya kiyaye gaba.

Malam_Lawal_Duwatsu:
Tsoron Sani yana kan hanya. Irin na Fagradalsfjall mai malala ne a hankali, shi ya sa hukuma ta bar mutane suka matso. Akwai masu fashewa, waɗannan ba a wasa da su. Katia da Maurice Krafft, mata da miji Faransawa, sun ƙare rayuwarsu suna ɗaukar hotunan aman wuta, ba wanda ya fi su sanin abin, amma guguwar toka mai zafi ta dutsen Unzen a Jafan ta rutsa da su ranar 3 ga Yuni 1991, cikin mutum 43 da suka rasu. A nan jirgi mara matuƙi rahama ne, gara ya narke da mutum ya ƙone.

Amma shi ma ba ko'ina ake barinsa ba. Amurka ta hana tashi da shi a gandayenta na ƙasa tun 2014. A shekarar ma wani ɗan yawon buɗe ido daga Holan ya jefa nasa cikin Grand Prismatic, kotu ta ci shi tara. Ba ƙaramin abu ba ne. A Yellowstone ɗin akwai wani kududdufi, Morning Glory, da can shuɗi ne. Mutane suka yi ta jefa kwabbai da tarkace har maƙogwaronsa ya toshe, zafi ya ragu, ƙwayoyin rawaya suka mamaye shi. Don haka in kun ga sabon hoton Grand Prismatic daga sama tsaye, ko dai daga jirgin sama mai matuƙi aka ɗauka, ko an karya doka.

Dr_Maryam_Lab:
Ƙarin bayani kaɗan kan ƙwayoyin da Malam ya ambata, don kada a ɗauka ado kawai suke. A maɓuɓɓugan Yellowstone ne Thomas Brock ya gano wata mai suna Thermus aquaticus a shekarun 1960. Sinadarin da aka ciro daga jikinta, wanda zafi ba ya lalata shi, shi ake amfani da shi a gwajin PCR, wanda ake gano ƙwayoyin cuta da shi. Duk wanda aka yi wa gwajin korona na PCR ya ci moriyar wannan ruwan.

Aisha_Garwa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, don akwai abin da ke damuna da irin hotunan nan. Ni 'yar Kamaru ce. Mu in aka ce tafkin dutse mai aman wuta, Nyos muke tunawa. Daren 21 ga Agusta 1986 iskar da ta taru a ƙasan tafkin ta fashe ta gangaro ƙauyuka, mutum fiye da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, da dabbobi dubbai, ciki har da shanun Fulani makiyaya. Bayan abin ruwan tafkin ya rine ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga ƙasa. A hoton sama launin yana da kyau. Wa zai rataye shi a falo?

Haka na ji da na ga hotunan Grindavík, wani gari a Aislan, a Janairun 2024, wutar tana shiga gari ta cinye gidaje uku, mutanen garin kusan 4,000 an kwashe su tun Nuwamba suna kallo a talabijin. Mutane suna ta rubuta "ya yi kyau" a ƙarƙashi. Bashir ya ce ƙirƙira tana wajen yanka. To wani lokaci abin da ake yankewa mutane ne.

Bashir_Kyamara:
Anti Aisha, wannan magana ta yi nauyi, kuma ba ni da ja. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Idi_Ɗan_Agadas:
Aisha ta faɗi abin da ke bakina. Dallol ɗin da kuke yabo, a gefensa 'yan Afar ne ke sarar gishiri da gatari cikin zafin da ya wuce digiri 40, su yanka shi allo-allo su ɗora wa raƙuma zuwa tudu. Mu da muka san ayarin Bilma da Fachi mun san wannan wahalar. Haka a Kawah Ijen na Indunusiya, mutane ke ɗauko kwandunan farar wuta mai kilo 70 ko fiye a kafaɗa daga cikin ramin, cikin hayaƙi. Hoton ya je Turai a sayar, mai wurin bai ma san an ɗauka ba.

Aminu_Gyaɗi:
To amma Idi, in mai hoto ya sa su a ciki za ku ce ya sayar da talaucinsu. In ya cire su ku ce ya shafe su. Ya zai yi?

Idi_Ɗan_Agadas:
Ya tambaye su. Ya biya ɗan jagora da kyau. Ya rubuta sunan wurin da na mutanen a ƙarƙashin hoton, kada ya sa masa wani suna na mafarki kamar ba a duniya yake ba. Ba abu mai wuya ba ne.

Ummi_MaiZane:
Ina ta karantawa. Gaskiya maganar Anti Aisha ta sa na fi yarda da Bashir ta wata fuska: in har cire abu daga hoto zai iya zama laifi, to ashe mai hoton yana da hannu a abin da na gani, ba na'ura kaɗai ba ce. Amma har yanzu ina ganin bambanci tsakanin wanda ya fara da farar takarda da wanda ya tarar da abu ya zaɓa. Ban sauka daga nan ba.

Mahamat_Njamena:
Kuna ta Aislan da Amurka, ga shi a bayan gidanku. A Tibesti, arewacin Cadi, akwai Trou au Natron, rami ne na tsohon dutse mai aman wuta kusa da dutsen Toussidé, faɗinsa kilomita da yawa, zurfinsa ya kusa kilomita guda. Ƙasansa fari fat da kanwa, ga wasu baƙaƙen tuddai a tsakiyar farin. Akwai Soborom inda taɓo ke tafasa, tururi na fita, mutanen yankin suna zuwa wankan magani. Akwai dutsen Emi Koussi, mita 3,415, babu wanda ya fi shi tsawo a Sahara, shi ma da kanwa a cikin raminsa. Matsalar zuwa ce: nisa, izini, ga nakiyoyin da suka rage tun yaƙi da Libiya. Hotunan da ke akwai mafi yawa baƙi ne suka ɗauka, ko 'yan sama-jannati.

Idi_Ɗan_Agadas:
Mu ma muna da Tafadek a arewa da Agadas, ruwan zafi, masu ciwon gaɓoɓi na zuwa. Kuma Ba'amurken nan George Steinmetz ya yi shawagi a kan Nijar da lema mai inji a bayansa, ya ɗauki ramukan gishirin Tegidda-n-Tesumt daga sama. Su ba aman wuta ba ne, hannun mutane ne ya haƙa su, amma duk wanda ya ga hoton ya san ƙasarmu ba ta rasa launi ba.

Sani_Funtuwa:
A Najeriya ai sai Wikki ta Yankari ko?

Malam_Lawal_Duwatsu:
Wikki ɗumi ne da ita, wajen digiri 31, ruwa garau mai daɗin wanka, amma ba za ta ba ka zobban launi ba, zafin bai kai ba. In tsofaffin duwatsun aman wuta kake nema, tudun Biu a Borno cike yake da su, da tafkin Tila a cikin rami. A Filato kuma wajen Panyam da Kerang akwai jerinsu, da tafkin Pidong. Sun daɗe da mutuwa, babu tururi, amma siffar tana nan: da'irar bakin ramin, baƙar ƙasa mai albarka, gonaki sun zagaye ta. Daga ƙasa tudu kawai za ka gani ka wuce. Ɗalibaina da yawa sai da na nuna musu hoton tauraron ɗan'adam suka yarda.

Bashir_Kyamara:
Malam ka sa min abu a rai. Amma duk mai niyya ya sani, a Najeriya sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Borno ba wurin da za ka tashi da jirgi mara matuƙi ba ne ba tare da sojoji sun sani ba. Filato ma a fara gaida mai gari. Wani abu kuma, baƙin dutsen nan yana da ƙarfe a jiki, yakan rikita kamfas ɗin jirgin in ka tashe shi daga kansa. A ɗora shi a kan akwati ko a tashe shi daga hannu.

Zee_Kano:
Ni abin da nake tsoro yanzu, hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira da kanta sun cika ko'ina. Jiya na ga wani "tafki" mai launi bakwai, na bincika babu shi a duniya. Nan gaba wa zai yarda da na gasken?

Dr_Maryam_Lab:
Shi ya sa shawarar Idi ta rubuta sunan wuri take da amfani biyu. In an faɗi wurin, kowa zai iya dubawa.

Ummi_MaiZane:
Bashir, in Allah ya sa ka je Filaton, ina da roƙo. Ka turo mana ɗanyen hoton yadda ya fito daga kyamara, da wanda ka gyara, gefe da gefe. Sannan ka ɗauki ɗaya da gonaki da mutane, ɗaya babu. Ina so in gani da idona inda hannunka ya shiga. Ni kuma zan zana wurin daga ɗanyen, mu ajiye su tare 'yan zaure su yi hukunci.

Bashir_Kyamara:
Na karɓa, Yaya. Malam Lawal, wane lokaci ya fi? Ina tunanin ƙarshen damina.

Malam_Lawal_Duwatsu:
Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ciyawa na da sauran kore, tafkin a cike, hazo bai sauko ba. Da hunturu ya kama ƙura za ta cinye maka komai daga mita 100. Ka yi min magana ta gefe, akwai tsohon ɗalibina a Mangu da zai raka ka wajen masu gari.